Makin Dajin Baba Shekwolo

Tun ranar da na dawo daga Birnin Gwari ba a bar ni na huta ba. A ofis a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai miƙo ba sai na faɗa masa ko gaskiya ne giwa ta kore ni. Babu giwar da ta kore ni. Wanda ya ƙaga wannan magana na san shi, kuma shi ma ya san na sani. To ga labarin nan na rubuta daga farko har ƙarshe, kowa ya karanta ya sarara mini.

Maigidanmu a ofishin gandun daji, wanda muke kira Mai Lofe a bayan idonsa, ya dawo daga kwas a ƙasar waje da abu biyu. Na farko lofen da ba ya kunnawa, sai dai ya yi ta taunarsa. Na biyu wata takarda da ya ce ita za ta kawo ƙarshen son rai a aikinmu. Da can in za a keɓe daji, wato a shata shi a ce daga yau ba noma ba sara, wani babba ne ke duban taswira ya dangwala yatsa. Yanzu kuwa, in ji shi, mun sami 'yancin kai, ba za mu ci gaba da aikin yatsa ba.

Tambaya biyar ce a takardar. Akwai manyan itatuwa irin su maɗaci da ƙirya da doka? Akwai ruwa? Ƙasar tana riƙe ko tana zaizaya? Mota za ta iya kaiwa kusa? Sai ta ƙarshe, akwai gonaki a ciki? Kowace tambaya a ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar, amma na itatuwa a ninka shi uku, na ruwa a ninka biyu, don sun fi sauran nauyi. Dajin da babu gona a cikinsa ya ci biyar cif a tambaya ta ƙarshe. Aka ba ni dazuzzuka uku a ƙasar Birnin Gwari, aka ce wanda ya fi maki shi za a rufe, kuma in an rufe an rufe ke nan, fartanya ba ta ƙara shiga har jikoki.

"Isiyaku," in ji Mai Lofe, yana nuna ni da lofen, "kada ka kuskura ka gaya wa kowa dalilin zuwanka. In suka sani za su ɓata maka amsa."

Na ce to, yallaɓai. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, ubana maɗinkin hula. Na san sunan maɗaci da Latinanci, amma ban taɓa wuni da fartanya a hannu ba. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye.

Ƙarshen damina ne. Na shiga babbar mota daga Kaduna, aka ba ni gaba kusa da direba tunda ma'aikacin gwamnati ne. Ina gyara zama ina jin kaina wani abu, sai aka cuso wata dattijuwa mai fataucin daddawa tsakanina da ƙofa, da kwandonta a cinya, don ta rantse ba za a ɗora mata shi a baya awaki su hau ba. Ina son daddawa a miya, amma wallahi ban taɓa sanin haka take a kusa ba. Har yau rigar da na sa ran nan ba ta koma daidai ba.

Mun wuce Buruku da kaɗan ruwa ya sauko, sai muka tarar an rufe shingen hanya. Ku da ba ku fita daga kwalta ba ku san wannan ba. Hanyar jar ƙasa ce, in an yi ruwa sai a sa ƙarfe a tare ta har ta sha iska, don kada manyan motoci su kwaɓe ta. Na sauka da takardar ofis na nufi mai tsaron shingen, wani tsoho mai tsohuwar rigar soja, na ce aikin gwamnati ne, a buɗe mana. Ya karɓi takardar ya duba ta da kyau, ya miƙo mini. Sannan ya taka tsakiyar hanya ya danna diddigensa, ƙasa ta lotsa.

"Malam, ni na yarda da takardarka," ya ce. "Hanyar ce ba ta yi makaranta ba."

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, kuma mutum in an kunyata shi sai ya nemi abin da zai ɗaga kansa da shi. Muna zaune a gindin wata tsamiya, mai daddawa ta ba ni gasasshiyar masara ta ce, "Ɗan nan, wane irin aiki ne haka mai gaggawa?" Sai na gyara murya yadda kowa zai ji, na ce gwamnati ce ta aiko ni in duba dazuzzukan ƙasar nan in ba su maki, a fitar da wanda ya fi kowanne kyau. Ban ce za a rufe ba, don haka a ganina ban karya umarnin Mai Lofe ba. Na manta cewa matar nan kasuwa huɗu take ci a mako.

Mun shiga Birnin Gwari da la'asar. Gidan saukar baƙi na tarar da shi cike da buhunan maganin shanu, saboda haka malamin daji na wurin, Malam Tanko, ya sauke ni a shagon ƙofar gidansa. Malam Tanko dattijo ne siriri, ya girmi ubana, amma da yake ni na zo daga hedikwata sai yake ce mini yallaɓai, da wata irin murya da har na baro garin ban gane ko girmamawa ba ce ko shaƙiyanci. Aka kawo tuwon dawa da miyar karkashi, da wani nama mai daɗin da ban taɓa cin irinsa ba. Na tambaye shi naman mene ne. Ya ce, "Nama ne, yallaɓai." Na tuna cewa aikinsa ne hana farauta, na kuma tuna cewa na riga na cinye tsoka uku, sai na ja bakina na ƙara loma.

Washegari muka hau kekuna. Nawa na aro ne, birkinsa na baya kawai ke ci, shi ma sai ya ga dama. Ƙudan tsando kuwa kamar an yi musu shelar zuwana. Su bar Malam Tanko da ke gaba da tsohuwar taguwa, su zo su huda ni ta cikin kakin gwamnati. Na tambaye shi dalili, ya ce wataƙila sun gaji da cin abu ɗaya.

Daji na farko na wani ƙauye ne da ake kira Unguwar Bawa. Dagacinsu ya taɓa rasa wani yanki a zamanin Turawa, don haka da ganin igiyar awo a hannuna ya gane inda aka dosa. Ya tarbe mu yana girgiza kai kamar mun zo ta'aziyya.

"Ranka ya daɗe, wai daji? Ina dajin yake? Ai ƙaya ce kawai da kunama. Ko jaki ka saka a ciki sai ya fito yana kuka."

Ya zagaya da mu ta inda sarƙaƙiya ta fi yawa, har wandona ya yage. Amma bai ma buƙaci wahalar da kansa ba. Dajin ya riga ya ƙare. Ko'ina kututture, ko'ina ramin masu yankan katako, rafinsu ya zama yashi. Na ba shi maki kaɗan bisa gaskiya. Da ya leƙo ya ga ina rubuta ɗaya, ɗaya, biyu, sai ya yi hamdala ya sa aka kawo mana fura.

Daji na biyu duwatsu ne da makiyaya. Arɗon wurin ya ɗauka jangali na zo ƙirgawa, saboda haka duk abin da na tambaya amsa ɗaya ce. Akwai ruwa da rani? Allah masani. Wannan itacen ana sare shi? Allah masani. Sunanka fa? Ya dube ni, kamar yana auna ko wannan ma ya bar wa Allah. Amma mutumin kirki ne, ya cika mini ƙwarya da kindirmo, na shanye tas don yunwa. Abin da ya biyo baya tsakanina da cikina a kan keken da ba shi da birki, ba zan rubuta ba. Malam Tanko ya jira ni sau biyar a bakin hanya, kowane karo yana duban sama kamar mai neman wata.

Rana ta huɗu muka nufi daji na uku, na wani ƙauyen Gbagyi, waɗanda mu muke ce wa Gwarawa. Ana kiran ƙauyen Gidan Shekwolo, da sunan mai unguwarsu. Tun daga nesa na ji kiɗa. Na ce wa Malam Tanko ko biki ake yi. Ya ce, "Naka ne, yallaɓai."

Ashe maganata ta gindin tsamiya ta riga ni isowa, kuma ta yi ƙiba a hanya. An share gari, an yayyafa ruwa, mata sun jeru da tuluna a kafaɗa. Wannan ya ba ni mamaki, don a wurinmu kaya a ka ake ɗauka, su kuwa a kafaɗa, wai kai ya riga ya ɗauki nauyin tunani, ba a ƙara masa wani. Baba Shekwolo ya fito, gajeren tsoho mai faɗin ƙirji, riƙe da fitilar ƙwai sabuwa fil da rana tsaka. Ya ɗaga ta ya nuna mini.

"Ka ga wannan, Malam? A nunin amfanin gona na ci ta. Doyata ta fi ta kowa. Mutumin gwamnati ya zo da takarda kamar taka, ya ba da maki, aka kira sunana. Yanzu mun ji an zo gasar daji. To ka zo gidan."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma ga umarnin Mai Lofe, ga kiɗa, ga ƙamshin sakwara yana tasowa daga cikin gida, ga kwana uku ina shan ƙaya da Allah masani. Na yi murmushi na ce, "Madalla, Baba." Matarsa, Mama Talatu, ta ajiye mini malmala uku. An kawo burkutu na ce ba na sha, ba wanda ya ji haushi, aka musanya mini da ruwan zuma. Su Kiristoci ne da masu bin addinin kakanni, amma sai da suka nemo Malam Tanko ya yanka kazar miya da hannunsa saboda ni.

Wuni biyu Baba Shekwolo yana zagayawa da ni, kuma ban taɓa ganin mutum yana tallan abinsa haka ba. Ya kai ni gindin kowace ɗorawa da kowace kaɗanya. In na auna itace na rubuta, sai ya ce, "Wannan ai ƙaramin ne, zo ka ga yayansa." Abu ɗaya ya dame ni, wato tuntuɓe. Ƙarƙashin ciyawa duk tudu-tudu ne, na faɗi ya fi sau goma, ina tsine wa gara da gidajenta. Can ciki kuma muka gangara wani kurmi mai duhu da sanyi, inda rafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Maɗatai ne a wurin waɗanda igiyar awona ta kasa zagayewa, sai da muka ƙulla mata rawanin Malam Tanko. Na tambaya ko akwai gona a dajin nan. Baba ya ce in duba da idona. Na duba ban ga ko kara ɗaya ba, na rubuta biyar.

Da safen da za mu tafi na zauna na haɗa maki. Dajin Gidan Shekwolo ya ninka na Unguwar Bawa, ya bar na Arɗo a baya nesa. Baba ya tambaya, na ce sun yi na ɗaya. Aka ɗauki guɗa. Aka ɗaure mini doya shida da zakara a bayan keke, aka rako mu har bakin gonaki.

Gonakin ne ban taɓa kula da su ba sai ran nan. Dawar gajera ce, rawaya, amma tsakaninta wasu furanni ne ja-ja masu ɗaukar ido sun rufe ƙasa. Don in faɗi wani abu mai daɗi na bankwana, sai na ce wa Mama Talatu, "Kai, Mama, gonarku har da ado! Furannin nan sun yi kyau."

Kiɗa bai tsaya ba, amma ita ta tsaya. Ta dube ni kamar na yaba wa mara lafiya ramarsa. Malam Tanko ya yi tari, ya ce in zo in ga wani abu a tayar kekena. Da muka matsa gefe sai ya rage murya.

"Yallaɓai, wuta-wuta ce. In ka gan ta haka, gona ta mutu. Bana ce shekararsu ta ƙarshe a nan."

"To ina za su koma?"

Ya nuna dajin da baki. "Inda ka yi ta faɗuwa. Gara ba ta gini a layi, yallaɓai. Tsofaffin kunyoyin doya ne. Saura ce. Nan ba kamar Zariya ba ne da ake zuba taki a noma wuri ɗaya kowace shekara. Su sukan noma wuri ya gaji, su bar shi ya yi shekaru yana hutawa, su dawo. Wancan ya huta ya ƙoshi, baɗi za su shiga."

Sai haushi ya taso mini, na rasa wanda zan sauke wa sai shi. Na ce, "Haba Malam Tanko! Kana gani na rubuta biyar, ka yi shiru?"

"Ba ka tambaye ni ba, yallaɓai. Takarda ka tambaya. Kuma ni wa, da zan gyara wa hedikwata rubutu?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na dubi hanya. Keke na hannuna, doya na ɗaure, ba wanda zai san komai sai ranar da aka zo kafa turakun iyaka, kuma ba ni za a aiko ba. Na kuma yi tunanin in rage makin a ɓoye, amma awon itatuwan na rubuce da tawada, kuma Mai Lofe yakan zo ya duba da kansa. Zakaran da ke bayan keken ya yi ta kallona da ido ɗaya. Na jingine keken, na koma na ce wa Baba Shekwolo ina son magana da shi.

Muka zauna a kan wani gungume, shi da matarsa da dattawa uku. Na faɗa musu komai. Na ce ba gasa ba ce, ba fitila, ba kyauta. Wanda ya yi na ɗaya shi za a rufe, kuma na san haka tun kafin in ci sakwararsu. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Bari in gane, Malam. Mutanen Unguwar Bawa sun sare nasu sun sayar, sun ci kaɗan a takardarka, an bar musu. Mu mun hana 'ya'yanmu taɓa namu, mun ci da yawa, za a karɓe."

Na ce haka lissafin ya nuna.

"To wa ya bar itatuwan da ka auna? Takardar ce ta shuka su?"

Ya karɓi sandar wani dattijo ya share ƙasa da tafin ƙafa, ya zana da'ira babba. Ya ce in nuna masa abin da nake kira dajinsu. Na ce duk wannan. Ya ce wa ya gaya mini abu ɗaya ne? Na ce taswira. Ya ce, "Taswirar ta taɓa zuwa nan?" Sannan ya ja layi ya raba da'irar, gefe ɗaya babba, gefe ɗaya ƙarami. Babban, ya ce, saura ce, abincin gari ne. Ƙaramin kuwa kurmin nan ne mai rafi, wanda tun kakanninsu gatari bai taɓa shiga ba. Ya ce in sake lissafina, amma in yi wa kowanne nasa daban.

Na fito da sabuwar takarda na yi a gabansu, ina faɗin kowane maki da ƙarfi. Saura ta faɗi ƙasa warwas, don manyan itatuwan ba a cikinta suke ba, ruwan ba a cikinta yake ba, kuma gona ce, na ba ta ɗaya a tambaya ta ƙarshe. Kurmin shi kaɗai ya fi duk abin da na auna a tafiyar nan. Babu maki ɗaya na ƙarya a ciki. Hasali ma sai a lokacin takardar ta fara faɗin gaskiya.

"To ka kai musu wannan," in ji Baba. "Su ɗauki kurmin, su bar mana abinci."

Mama Talatu ta faɗi wata magana da Gbagyi, gajera mai kaifi. Ya amsa mata da kalma ɗaya. Ta tashi ta shige gida ba ta waiwayo ba. Na ce ko in sauke doyar da zakaran. Baba ya ce abin da aka ba baƙo ba ya komawa rumbu, in hau kekena rana na yi.

Mun yi tafiya mai nisa. Sai da muka sauka tura kekuna a wani hawa na tambayi Malam Tanko abin da matar ta ce. Wannan karon na tambaya, shi kuma ya amsa.

"Ta ce, 'Har da yaron?' A saman kurmin nan, can nesa da rafi, bayan wani dutse, nan suke binne nasu. Uban Baba Shekwolo na can, uwarsa na can. Da ɗansu na fari, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Duk ranar kasuwa sai ta je ta share wurin. In an kafa turaku, shiga sai da izini, kuma ni ne zan hana ta."

Dawowata Kaduna, Mai Lofe ya ƙirga takardu ya ga huɗu maimakon uku. Ya cire lofen daga baki, abin da ban taɓa gani ba, ya tambaye ni wa ya ba ni ikon haifar daji. Na yi masa bayani ina jiran takardar kora. Ya yi kwana biyu bai kula ni ba. Rana ta uku na ji shi ta taga yana gaya wa wasu manya cewa ya gano wani gyara a tsarinsa, wato a riƙa raba daji gida-gida kafin a ba shi maki, kuma a riƙa tambayar mutanen wurin ko ƙasar hutawa take. Har da cewa abin ya daɗe yana damunsa. An amince a keɓe kurmin, saura kuma ta zauna a hannun masu ita, baɗi za su shiga da fartanyarsu.

Saura takarda ɗaya, wadda ake rubuta haƙƙin da aka bar wa mutanen gari a cikin dajin da aka rufe. Iri uku kawai dokar ofis ta yarda da su, ɗibar ruwa, tsintar busasshen itace, da hanyar wucewa kasuwa. Na karanta ta sama da ƙasa, babu gurbin uwa mai zuwa share kabarin ɗanta. Sai na ɗauki alƙalami na zana siririyar hanya a taswira, daga bayan gidan Baba Shekwolo ta haura har bayan dutsen nan, na rubuta a gefenta: hanyar ɗibar ruwa, a bar ta a buɗe har abada. Mai Lofe ya sa hannu, an buga hatimi.

Hanyar nan ko kusa da rafi ba ta bi ba. Ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa rubutawa a takardar gwamnati, kuma duk wanda ya ga dama a cikinku ya je ya faɗa.